Fashin Baƙi: Abin da Ke Tsakanin Wayarka da Manyan Wasannin Duniya

Ranar 18 ga Disamba, 2022, Ajantina da Faransa suka kara a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a filin Lusail da ke Qatar. Hukumar FIFA ta ce mutum kusan biliyan ɗaya da rabi ne suka kalli wasan. Hoto ɗaya dukkansu suka gani, daga kyamarori guda, da maimaici iri guda. Abin da ya raba su shi ne ƙofar da kowa ya shiga. Mutumin Ingila ya buɗe manhajar BBC ko ta ITV ya kalla ba tare da ya biya wata tasha ta musamman ba. Mutumin Indiya ya kalla kyauta a JioCinema. A Brazil miliyoyin mutane sun bi wasannin gasar a YouTube, ta tashar CazéTV. A ƙasashen Larabawa beIN Sports ce ke riƙe da haƙƙin nunawa, a Afirka kudu da Sahara kuma akwai SuperSport da New World TV ta ƙasar Togo. Amma wanda yake Kano ko Maraɗi, ko da ya samu shafin BBC ɗin nan ya danna, abin da zai tarar shi ne sanarwa cewa ba a nuna wannan shiri a ƙasarsa.

Mutane da yawa kan ɗauka wannan matsalar na'ura ce, ko ta raunin sabis. Ba haka ba ne. Katanga ce da aka gina da gangan, kuma a kanta duk kasuwancin wasanni na duniya yake tsaye. Intanet ba ta san iyakar ƙasa ba, amma kwangilar nuna wasa ta san ta sarai. Duk wahalar da mai son ƙwallo ke sha wajen kallo a waya, daga tsadar kuɗin wata har zuwa neman link a WhatsApp minti biyar kafin a take leda, daga wannan karo na abubuwa biyu ta samo asali.

Mu fara da mai kayan. Kowace gasa tana da mai ita: kofin duniya na FIFA ne, gasar Zakarun Turai ta UEFA ce, kofin nahiyar Afirka na CAF ne, gasar Olamfik ta kwamitin IOC ce, gasar Firimiya kuma ta kulob ashirin ɗin da ke buga ta ce. A manyan gasa, mai kayan shi ke ɗaukar nauyin samar da hoto. FIFA na aiki da wani kamfani mai suna HBS, shi ke girka kyamarori a filaye, ya haɗa hoto guda ya tura cibiyar watsa shirye-shirye ta gasar. IOC ma tana da nata kamfanin, OBS, wanda ya samar da sa'o'i fiye da 11,000 na hotuna a gasar Paris ta 2024. Tashar da kake kallo ba ita ta ɗauki wasan ba. Ta sayi izinin karɓar wannan hoton ne, ta ɗora masa muryar masu sharhinta da tambarinta da tallanta, ta nuna shi a iya yankin da ta biya wa kuɗi.

Izinin nan shi ake kira haƙƙin nuna wasa, kuma gwanjonsa ake yi ƙasa-ƙasa ko yanki-yanki. Kuɗin da ke ciki ya wuce tunani. Tsakanin 2019 da 2022 FIFA ta samu kimanin dala biliyan 7.5, kuma kusan rabin wannan daga haƙƙin talabijin ya fito. A 2014 kamfanin NBC na Amurka ya amince ya biya dala biliyan 7.75 don ya riƙe gasar Olamfik a Amurka kaɗai daga 2021 zuwa 2032. Gasar Firimiya ta sayar wa Sky da TNT Sports haƙƙin cikin gida na shekara huɗu, daga 2025 zuwa 2029, a yarjejeniyar da ta kai fam biliyan 6.7. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yarda wani ya shigo gonarsa ba. Saboda haka sharaɗin farko a kwangilar shi ne keɓancewa: ni kaɗai a wannan ƙasa. Sharaɗi na biyu kuma, kowane mai haƙƙi ya tabbatar hotonsa bai tsallaka iyaka ba.

A zamanin eriya da faranti wannan bai da wuya sosai, domin siginar tashar ƙasa ba ta nisa, ta tauraron ɗan Adam kuma a kulle take sai da kati. A intanet kuwa sai an tsaya an tantance kowane mai kallo. Duk wayar da ta hau intanet tana da lambar da ake kira adireshin IP, wadda ke nuna kamfanin sadarwa da ƙasar da take. Manhajar kallo tana duba wannan lamba, wani lokaci ta haɗa da katin bankin da ka biya da shi ko lambar wayarka, sannan ta buɗe ko ta rufe. Masu amfani da VPN suna aron lambar wata ƙasa ne don su wuce. Kamfanonin sun san da haka, suna tattara lambobin da kamfanonin VPN ke amfani da su suna toshewa, shi ya sa abin da ya yi aiki a wannan mako yakan ƙi a mako mai zuwa. Kuma ƙa'idojin kusan kowace manhaja sun hana yin hakan.

Kada a ɗauka katangar nan talakan Afirka kaɗai take tsare wa. A Ingila, inda ake buga gasar Firimiya, ba a nuna ƙwallo kai tsaye daga ƙarfe uku saura kwata zuwa biyar da kwata na yammacin Asabar, don kada mutane su daina zuwa filayen ƙananan kulob. Wato mai DStv a Zariya yana iya kallon wasan ƙarfe uku da mutumin Manchester ba shi da halattacciyar hanyar kallonsa a gida.

Yanzu sai yadda hoton ke tafiya, domin a nan ne bambancin faranti da intanet yake, kuma shi ne abin da mutane suka fi rashin fahimta. Tauraron ɗan Adam da ke can sama, tazarar kimanin kilomita 36,000, sigina ɗaya yake watsowa. Ko faranti goma ne suka kama ta ko miliyan goma, nauyinsa bai ƙaru ba. Intanet ba haka take ba. Kowane mai kallo sai an aiko masa da nasa kwafin. In mutum miliyan goma suna kallo, hanya miliyan goma aka buɗe, kowace tana jan nata kason. Ke nan ranar da wasa ya fi daɗi, ranar da kowa ya hau, ita ce ranar da tsarin ya fi fuskantar haɗarin durƙushewa.

Don a rage wannan nauyi, ba a turo wasan a matsayin abu guda mai gudana. Na'ura ce ke matse hoton, ta yanyanka shi gutsi-gutsi, kowane gutsure na daƙiƙa biyu zuwa shida, ta kuma yi kowane gutsure a matakai da yawa, daga mai dishi-dishi zuwa mai kyau tangaran. Sai a rarraba gutsattsarin zuwa rumbunan kwamfuta da aka ajiye a birane daban-daban, domin wayarka ta ɗebo daga mafi kusa. Wayar kuma ba ta fara nuna maka sai ta tara gutsure biyu ko uku a ajiye, saboda in sabis ya yi rauni na ɗan lokaci ta samu abin ci gaba da nunawa. In raunin ya daɗe, sai ta sauka zuwa matakin ƙasa, shi ne za ka ga 'yan wasa sun koma kamar inuwa. In ya fi haka, ajiyar ta ƙare, hoto ya tsaya, da'irar nan ta fara juyawa a tsakiyar allo.

Wannan ajiyar ita ce sanadin jinkiri. Mai kallo a intanet yakan kasance a bayan abin da ke faruwa a fili da daƙiƙa ashirin zuwa minti guda, wani lokaci fiye. Shi ya sa za ka ji ihun gidan kallon unguwa ya tashi, kai kuma a wayarka ko kwana ba a bugo ba tukuna. Mai rediyo ma yakan riga ka. Wanda ke kallo ta shafin sata ya fi kowa zama a baya, domin sai wani ya fara kamo wasan daga tashar halal, ya sake matse shi, ya sake watsawa. A nan akwai abin da ya kamata matasan da suka faɗa cacar wasanni su sani: kamfanonin caca suna samun labarin abin da ya faru kai tsaye daga mutanen da ke zaune a cikin filin, cikin daƙiƙu kaɗan. Wanda ke sa kuɗi yana dogaro da hoton wayarsa, yana caca ne a kan abin da ɗaya ɓangaren ya riga ya san sakamakonsa.

Manyan kamfanoni ma sun sha kunya a wannan fage. A gasar kofin duniya ta 2018 kamfanin sadarwa na Optus ne ya riƙe yawancin wasannin a Ostareliya, zai nuna su ta intanet. Tun kwanakin farko hoto ya dinga katsewa, jama'a suka fusata, har Firaminista Malcolm Turnbull ya kira shugaban kamfanin, daga ƙarshe aka bar tashar SBS ta nuna wasannin a talabijin. A Nuwamban 2024, lokacin damben Mike Tyson da Jake Paul, Netflix ta ce na'urori miliyan 65 ne suka hau a lokaci guda, kuma masu kallo da dama sun yi ta ƙorafin tsayawar hoto. Amma akwai inda aka nuna abin mai yiwuwa ne. A wasan ƙarshe na kofin duniya na kurket a Nuwamban 2023, tsakanin Indiya da Ostareliya, manhajar Disney+ Hotstar ta ɗauki mutum miliyan 59 a lokaci ɗaya, yawancinsu a waya.

Mu a Yammacin Afirka muna da ƙarin rauni. Yawancin intanet ɗinmu ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku take shigowa, ta Legas da Akara da Abidjan da sauran garuruwan gaɓa, sannan ta hauro arewa ta wayar ƙasa. Ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikin waɗannan wayoyi, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har bankuna suka shiga matsala. Wanda ke da faranti a wannan mako bai ji a jikinsa ba. Ita kuwa Nijar, da ba ta da gaɓar teku, ta maƙwabta take samun hanyarta. Shigowar Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ta buɗe wata ƙofa, sai dai kuɗin na'urarta da na wata ba na kowa ba ne.

Sai maganar data, wadda ita ce kuɗin da ba a rubuta a tallan manhaja. A ƙiyasi, kallon bidiyo a matsakaicin mataki yana cin kusan gigabait ɗaya a sa'a, mai kyau sosai kuma yana iya kaiwa uku. Ƙwallo ta fi fim ci, domin komai a cikinta motsi ne: kyamara na bin ƙwallo, ciyawa na wucewa, 'yan kallo na tsalle, na'ura ba ta samun wurin da za ta yi tsimi. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci kusan sa'a biyu ne. Wanda ke kallon wasa biyu a mako a matsakaicin mataki, yana buƙatar gigabait goma sha wani abu a wata don ƙwallo kawai. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Ke nan ko shafin da ake cewa na kyauta, ba kyauta ake kallonsa ba. Kamfanin waya ya riga ya karɓi nasa.

Da farko an yi zaton intanet za ta sauke farashi, tunda za a samu masu gasa da yawa. Abin da ya faru a Turai da Amurka akasin haka ne. Masu gasa sun ƙaru, amma ba kaya ɗaya suke sayarwa ba, kowa ya yanki wani ɓangare ya kulle. Amazon ta riƙe wasanni ashirin na Firimiya a kowace kaka daga 2019 zuwa 2025, don haka a waɗannan shekaru mai son ganin duk wasannin da ake nunawa a Ingila sai ya biya kamfani uku. Apple ta ɗauke gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, wato MLS, daga 2023. Netflix ta sayi haƙƙin kofin duniya na mata na 2027 da 2031 a Amurka. Gasar da ake yi a wajen gwanjo ce, tsakanin masu sayen haƙƙi, kuma ita farashi take ɗagawa. Mai kallo ba shi da zaɓi, domin wasan kulob ɗinsa wuri ɗaya yake.

A Najeriya abin ya zo da wata fuskar. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv da SuperSport, da kuɗin waje yake sayen haƙƙi, amma da naira yake karɓa daga masu kallo. A tsakiyar 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kamfanin ya yi ta ƙarin farashi, har a Maris 2025 tsarin Compact ya kai naira 19,000 a wata, Premium kuma 44,500, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Rahoton kamfanin da kansa ya nuna ya rasa masu biya kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a Najeriya cikin shekara biyu. Ina ganin adalci ne a faɗi ɓangarorin biyu: kamfanin bai ƙirƙiri faɗuwar naira ba, shi kuma magidanci ba zai bar cefane ya biya ƙwallo ba. Waɗannan mutanen da suka daina biya ba su daina son ƙwallo ba. Wani wuri suka koma.

Inda suka koma kowa ya sani. Satar nuna wasanni ta daɗe da wuce aikin wani yaro a ɗakinsa. Mafi girman misali shi ne beoutQ, tashar da ta ɓullo a 2017 bayan Saudiyya da ƙawayenta sun yanke hulɗa da Qatar. Tana ɗauko hoton beIN Sports ta manna nata tambarin a kai, ta nuna gasar kofin duniya ta 2018 gaba ɗaya da sauran manyan gasa. Saudiyya ta musanta hannu a ciki, amma a Yunin 2020 kwamitin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ya yanke cewa ta gaza ɗaukar matakin da ya kamata a kan masu tashar. A Satumban 2025 kuma aka sanar da rufe Streameast, tarin shafuka kusan tamanin da aka ce an ziyarta sau biliyan 1.6 cikin shekara guda, bayan wani samame a Masar da aka kama mutum biyu. A Ingila, a 2023, kotu ta ɗaure jagoran wani gungu mai sayar da wasannin Firimiya na sata shekara goma sha ɗaya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai shafin sata ba don Allah yake yi ba, da kai yake cin abinci. Tallan da ke cika irin waɗannan shafuka mafi yawa na caca ne da na batsa, suna faɗowa a gaban yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya ari wayar yayansa don ya ga wasa. Wasu shafukan sai sun sa ka sauke wata manhaja da ba daga rumbun Google ko Apple ta fito ba, ta nemi izinin karanta saƙonninka. A wannan wayar dai manhajar bankinka take, kuma ta saƙo ake turo maka lambar sirri ta cire kuɗi. Wannan ya fi damuna a kan asarar da kamfanonin biliyoyi ke kuka da ita. Duk da haka ba zan ce ɗaukar kayan wani ba da izini ba daidai ne don kawai mai kayan attajiri ne. Haƙƙi haƙƙi ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shafi abin da ake watsawa a intanet.

Amma toshewa kaɗai ba ta warkar da ciwon. Italiya ta kafa wani tsari a 2024 da ke tilasta wa kamfanonin intanet su toshe shafin da aka kai ƙara cikin minti talatin. A Oktoban shekarar tsarin ya toshe wani ɓangare na Google Drive bisa kuskure. A Sifaniya, yaƙin da LaLiga ke yi tun 2025 ya sa shafukan da ba ruwansu da ƙwallo suna ɗaukewa a ranakun wasa, saboda suna amfani da adireshi ɗaya na kamfanin Cloudflare da shafukan sata. Kuma duk shafin da aka rufe, wani yakan buɗe da suna mai kama da shi kafin mako ya zagayo.

Abin da ya fi tasiri, a ganina, shi ne abin da aka gwada a Indiya da Brazil, ƙasashen da aljihun mutanensu ya fi kama da namu. Kamfanin Viacom18 ya biya kusan dala biliyan uku don haƙƙin intanet na gasar kurket ta IPL, sannan a 2023 ya nuna ta kyauta a JioCinema, yana dogaro da talla da yawan jama'a. A Brazil, CazéTV ta matashin nan Casimiro Miguel ta tara mutum kusan miliyan shida a lokaci guda a wasan Brazil da Kuroshiya na 2022, daga baya kuma ta samu haƙƙin nuna dukkan wasanni 104 na gasar 2026, mai ƙasashe 48, kyauta a YouTube. Ba kyautar kaɗai ta ja mutane ba. Masu sharhin tashar suna magana ne yadda matasan Brazil ke hira a tsakaninsu. Wannan darasi ne ga duk mai son kasuwar Arewa da Nijar, domin ƙara muryar sharhi ta Hausa a manhaja abu ne mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da kuɗin haƙƙin kansa.

Kyautar ma tana da nata bayanin, kuma bai kamata a ruɗe mu ba. Kamfanin DAZN ya nuna sabuwar gasar kofin duniya ta kulob-kulob ta 2025 kyauta a faɗin duniya, wadda Chelsea ta lashe bayan doke PSG da ci uku da nema. An ruwaito ya biya FIFA kusan dala biliyan ɗaya, kuma watanni kaɗan bayan yarjejeniyar wani reshe na asusun zuba jarin Saudiyya ya sayi hannun jari a DAZN. A Indiya ma, bayan haɗewar JioCinema da Hotstar a 2025, an fara mayar da kallon kan biyan kuɗi. Kyautar kamfani dabara ce ta kama kasuwa, tana iya ƙarewa ranar da ya ga dama.

Tsakanin kyauta da tsada akwai hanya ta uku, wadda 'yan kasuwarmu suka daɗe da sani. Mai shagon unguwa ba ya cewa sai ka sayi buhun sukari, yana ƙulla na hamsin da na ɗari, kuma a haka yake sayar da buhun. Gidan kallo a kan wannan hikimar ya ginu: mutum ɗaya ya biya kuɗin wata da man janareta, ɗari su biya kuɗin wasa ɗaya. Kamfanonin kallo ta intanet sun fara gane hakan. A Fabrairun 2024 Showmax ta fito da tsarin gasar Firimiya na waya kaɗai a kan naira 2,900 a wata. Mataki ne mai kyau, amma bai kai ƙarshen hanya ba, domin bai haɗa da data ba, kuma gasa ɗaya ce. Abin da zai karya kasuwar link shi ne a iya sayen wasa ɗaya, da datarsa a haɗe, a biya da katin waya, a mataki mara nauyi da zai yi aiki a ƙauyen da sabis ɗinsa bai da ƙarfi. Fasahar yin hakan tana nan. Abin da ke hanawa shi ne tsoron kamfanoni kada masu biyan kuɗin wata su sauko su koma sayen ɗai-ɗai.

Akwai kuma wasannin da bai kamata a bar su ga kasuwa kaɗai ba. A farkon Janairun 2024, kwanaki kaɗan kafin a fara kofin nahiyar Afirka a Kodebuwa, MultiChoice ta sanar cewa SuperSport ba za ta nuna gasar ba, saboda New World TV ce ta sayi haƙƙin daga CAF kuma ba su daidaita ba. Sai dab da farawa aka sasanta. Gasar nan ce Najeriya ta kai wasan ƙarshe, ranar 11 ga Fabrairu, ta sha kashi da ci biyu da ɗaya a hannun masu masauki. Wato ganin Super Eagles a irin wannan matsayi, ga miliyoyin masu dikoda, ya rataya ne a kan cinikin kamfanoni biyu da babu ɗayansu na Najeriya.

Wasu ƙasashe sun yi maganin wannan tun tuni. Dokar watsa shirye-shirye ta Birtaniya ta 1996 ta ware wasu wasanni, ciki har da kofin duniya da Olamfik da wasan ƙarshe na kofin FA, ta ce dole a ba tashoshin kyauta damar sayensu. Shi ya sa BBC da ITV ke nuna kofin duniya. Indiya ta yi doka a 2007 da ke tilasta raba hoton wasannin da suka shafi ƙasa da tashar gwamnati. A Najeriya, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta yi yunƙuri a 2020, ta gyara kundin ƙa'idojinta don hana keɓancewa baki ɗaya, amma Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke gyaran a 2022. A fahimtata yunƙurin ya yi faɗi da yawa. Ba za ka ce wa wanda ya biya miliyoyin daloli a kan gasar Ingila dole ya raba da abokin hamayyarsa ba, sannan ka sa ran zai sake saye. Abin da ya fi dacewa gajeren jeri ne da Majalisa za ta kafa da doka: wasannin Super Eagles da Super Falcons, na Mena a Nijar, kofin nahiyar Afirka, kofin duniya, da Olamfik. Kuma dokar ta ambaci intanet ƙarara, domin matashin yau a waya yake kallo, ba lallai ya mallaki talabijin ba.

Lokaci na da muhimmanci a nan, saboda haƙƙin nuna wasa ba ranar wasa ake sayar da shi ba. A Maris 2025 NBC ta Amurka ta tsawaita kwangilarta da IOC har zuwa 2036, tun kafin a san garin da zai karɓi gasar 2036 ɗin. Yawancin wasannin kofin duniya na 2030 za a yi su ne a Maroko da Sifaniya da Fotugal, karo na biyu ke nan da gasar za ta taka ƙasar Afirka bayan ta Afirka ta Kudu a 2010, kuma lokutan wasanninta za su dace da agogonmu. Dokar da aka yi bayan an sa hannu a kwangilar yankinmu da wuya ta taɓa wannan gasa, sai dai ta jira ta 2034 a Saudiyya.